Mai keke a cunkoson Kano: an raba titi ba a sa da shi ba

Da misalin ƙarfe takwas na safe, ko bayan la'asar sa'ad da kasuwa ta fara tashi, titunan da suka haɗa Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari kan cika har su tumbatsa. 'Yan adaidaita sahu sun jeru layi uku inda aka tsara layi biyu, ƙananan motoci na ta danna hon, tirela ta tsaya ana sauke katan-katan, mai baro yana kutsawa da dilar atamfa, ɗan garuwa na turo kurarsa. Can a gefe, tsakanin jikin ababen hawa da bakin kwata, akwai wani ɗan siririn fili da bai kai faɗin tabarma ba. Nan ne rabon mai keke, kuma ko wannan ɗin ba nasa ba ne, aro ne da kowa ke iya karɓewa ba sallama. Mutane da yawa na ganin wahalar da yake sha a matsayin abin da ya zo tare da keken, wasu kuma su ɗora laifin kacokan a kan rashin haƙurin direbobi. A ganina asalin matsalar tana wajen rabon titi. Mun gina titunan tsakiyar gari, muna kuma ci gaba da gina su, kamar mutum bai cika matafiyi ba sai yana da inji a ƙarƙashinsa, alhali mai keke ne ya fi kowa ƙarancin cin fili, ya fi kowa ƙarancin jawo wa gari asara.

Sai an duba ɗan filin nan da kyau za a gane abin da ake nufi. Duk abin da tayar mota ta share daga tsakiyar kwalta a gefen yake taruwa: yashi, ledoji, fasassun kwalabe, ƙusa, guntun waya. Yashi na kwashe tayar gaba, kwalba na kai mutum wurin mai faci, inda kuma aka sace murfin kwata rami ne a buɗe yana jira. Mai keke na cikin lallaɓawa sai wata mata ta ɗaga hannu a bakin titi, ɗan sahun da ke gefensa ya karyo kai ba sigina ya tsaya cak a gabansa. Ya matse birki, ya sauke ƙafa, ya waiwaya ya ga ko akwai ƙofar da zai ratsa. Da ya samu ya wuce, sai ga mota an ajiye a bakin shago, mai ita ya banko ƙofa bai duba madubi ba. Akwai kuma abin da mai mota ba ya taɓa ji a jikinsa. Shi in ya tsaya ya tashi, taɓa totur ne kawai. Mai keke kuwa gudun da ya tara da cinyarsa ya tara shi, duk birkin da ya kama ya zubar da wannan ƙarfi ke nan, sai ya sake miƙewa kan feda daga farko, wataƙila da buhun kaya a kariya. Yana cikin wannan haki ne kuma hancinsa ke daidai da salansar motar da ke gabansa. Tafiyar kilomita biyar da ya kamata ta ci minti ashirin da 'yan kai a kan keke sai ta zama aikin ƙarfi, mutum ya isa wurin aiki a gajiye, ransa a ɓace tun bai fara komai ba.

Ba haka keke yake a Kano da can ba. Akwai lokacin da malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa mai rufin asiri ke fitowa kan Rali ko Fonis, an goge shi yana ƙyalli, ƙararrawa na ƙara, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'antarsa a Bompai saboda kasuwar da ke akwai. Garin ma kamar don keke aka shimfiɗa shi, domin in ka ɗauke Dala da Goron Dutse babu wani tudu da zai sa mutum ya sauka ya tura. Babur ne ya fara ture keke gefe, sannan acaba ta mamaye tituna. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana haya da babur, sai adaidaita sahu, wadda aka fara shigo da ita zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau musamman don ɗaukar mata, ta gaji fasinjojin gari baki ɗaya. Wannan sauyi ya shafi mai keke fiye da yadda ake tsammani. Ɗan sahu a bakin titi abincinsa yake, can yake ɗauka, can yake saukewa, kuma ba a ware masa tashoshin tsayawa a mafi yawan hanyoyi ba. Ke nan an haɗa shi da mai keke a fili guda, ɗaya na son ya tsaya ko'ina, ɗaya ba ya son ya tsaya ko kaɗan. Rikicin da ke tsakaninsu kullum daga nan yake tasowa, ko da dukansu biyun mutanen kirki ne.

Amsar da gwamnatoci suka riƙa bai wa cunkoso kuwa ita ce gada. An yi ta Ƙofar Nassarawa, an yi doguwar nan da ta bi ta saman Sabon Gari, an yi ta Dangi da ta Hotoro, an haƙa na ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa. Ba a musun cewa wasu mahaɗu sun sami sauƙi. Amma gadar sama don gudun mota aka zana ta. Mai keke in ya hau, ga tudu ga motoci na wucewa da gudu dab da kafaɗarsa, gefe ɗaya kuma bangon kankare ne, ba inda zai kauce. In ya bi ta ƙasa, a gindin gadar zai gamu da inda hannu biyu ke haɗewa, motar da ta sauko da gudu da wadda ta fito daga gefe, shi yana tsakiya. Inda kuma aka toshe tsakiyar titi da shinge aka mayar da wurin juyawa nesa, mai mota ya yi asarar minti ɗaya, mai keke ya yi asarar gumi. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne faɗaɗa titi ba ya kashe cunkoso, jinkirta shi yake yi. Masana harkar sufuri sun daɗe da lura cewa sabon fili yana janyo sababbin motoci har ya sake cika. A birnin Houston na Amurka an kammala faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, har ta kai layi 26 a wasu wurare in an haɗa da na gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake ƙaruwa. In Houston da duk kuɗinta ba ta iya tsere wa cunkoso da kwalta ba, Kano ba za ta iya ba.

Lissafin fili shi ne ginshiƙin maganar. Ƙiyasin da injiniyoyin sufuri ke yawan amfani da shi ya nuna cewa layi ɗaya mai faɗin mita uku da rabi yana wuce da mutum kusan 2,000 a awa guda in ƙananan motoci ne ke binsa, amma in kekuna ne zai iya wuce da kusan 14,000. Wurin da mota ɗaya ke kwana a bakin kasuwa tun safe har magariba zai ɗauki keke kusan goma. Duk wanda ya bar gida a kan keke ya rage kujera ɗaya a adaidaita ko mota ɗaya a layi, bai ƙona fetur ba, bai ƙara hayaƙi ba, nauyinsa kuma ba ya fasa kwalta. Saboda haka mai motar da ke danna masa hon cikin fushi ya kamata ya san cewa da wannan mutum ya sami hali ya sayi mota gobe, a gabansa zai same shi cikin gosulo, ya tare masa fili ninki da yawa.

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, maganar keke ta tashi daga ta sha'awa ta koma ta tukunya. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa, kuɗin mota ya bi sahu. A ɗauka ma'aikaci na kashe naira 1,000 kullum zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 26 ya kashe naira 26,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ga irin wannan magidanci, keken hannu da zai saya sau ɗaya, sai ɗan kuɗin faci da man kaca, shi ne bambancin cefanen da ya kai ƙarshen wata da wanda ya yanke a tsakiya. Shi ya sa aka ga mutane sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Abin takaicin shi ne sun dawo kan titin da bai san da zuwansu ba.

Haɗarin kuma na rai ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Wanda ba shi da ƙarfe a kewaye da shi, jikinsa ne ke karɓar duka, shi ya sa hukumar ke ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cuɗanya da mutane da kekuna. Najeriya ta taɓa gwada kiran jama'a su hau keke da fatar baki. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya riƙa tallata keke har yana hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, sai wata motar bas ta ture shi ya faɗa kwata. An yi ta yi masa dariya, amma darasin a fili yake: ra'ayinsa daidai ne, titin ne ba a shirya ba. Har yau hukumomi kan fito ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018, a yi jerin gwano da rakiyar jami'ai. Washegari babu rakiya, mai keke ya koma bakin kwatarsa.

Abin da ya yi aiki a wasu wurare sananne ne, wato hanya ta musamman da aka raba ta da ta motoci da wani abu mai tauri, dakali ko turaku, wanda taya ba za ta haura ba. Holan da ake ba da misali da ita ba da hanyoyin keke aka halicce ta ba. A 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a titunanta, fiye da 400 daga ciki yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga, ƙarancin mai na 1973 ya ƙara matsa lamba, daga nan aka fara sake rabon titi. Birnin Seville a kudancin Sifaniya ya shimfiɗa kimanin kilomita 120 na irin wannan hanya tsakanin 2006 zuwa 2010, galibi a filin da motoci ke fakin a da, masu hawa keke suka ninka sau da yawa cikin ɗan lokaci. Wanda zai ce wannan harkar Turawa ce sai ya leƙa maƙwabta. A Wagadugu manyan tituna da dama na da hannu na gefe don keke da babur, a Tamale ta arewacin Gana, inda Hausawa ke da zango, akwai hanyoyin keke a gefen manyan titunan gari. Garuruwa ne masu zafi da ƙura irin namu, kuma ba su fi Kano arziki ba.

Wannan ya amsa rabin ƙorafin da aka fi yi, cewa ranar Kano ba ta keke ba ce. Gaskiya ne a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ruwan Agusta. Amma Seville ma kan kai wannan zafi da bazararta, kuma yawancin zirga-zirgar neman abinci da sassafe ake yin ta da kuma bayan la'asar. Mai keken da ke tafiya ba tsayawa iska na kaɗa shi. Wanda ke dahuwa shi ne wanda aka tsare tsakanin bas da tirela. Itatuwan darbejiya a gefen hanya za su rage sauran.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa titunan tsakiyar gari sun riga sun ƙuntata, kuma ko an ware hanyar keke, kafin mako ya zagayo masu kasa kaya sun shimfiɗa tumatir a kai, 'yan sahu sun mayar da ita tasha. Wannan magana ce ta wanda ya san Kano, ba a kuma kawar da ita da fatan alheri. Hanyoyin da aka yi wa masu tafiya a ƙafa a gefen tituna da yawa haka suka ƙare. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, filin yana nan, motocin da aka ajiye ne ke zaune a kansa. A titunan kasuwa sau da yawa layi guda cur ne ke tafiya a fakin da sauke kaya, wani lokaci har layi biyu. In aka mayar da sauke kayan tireloli zuwa dare ko asuba, aka fitar da doguwar ajiyar mota zuwa filaye na musamman, mita biyu da ake nema za ta fito ba tare da an rushe shagon kowa ba. Na biyu, fenti kaɗai ba ya tsare hanya, kuma korar mai talla ba tare da an nuna masa inda zai koma ba aikin banza ne, gobe zai dawo domin 'ya'yansa na jiran abinci. Dole tsarin ya zo a dunƙule: dakalin da ya raba hannu, wuraren tsayawar adaidaita da aka yanka a tazara mai ma'ana, da gurbin masu kasa kaya a bayan hanyar. Sannan a zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan sahu tun kafin a zuba siminti, domin abin da shugabannin kasuwa suka runguma ya fi abin da aka sa jami'i ya tsare daɗewa. Hukumar KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, wadda aka kafa a 2012, ta nuna cewa in gwamnati ta sa kanta tana iya sa direban Kano ya tsaya a danja. Ƙarfin da ya iya wannan zai iya hana mota hawa hanyar keke.

Masu mota kuma na da nasu ƙorafin, kuma suna da gaskiya a ciki. Akwai masu keken da ke bin hannun da ba nasu ba, su ratsa danja tana ja, su fito da daddare ba fitila ba abin da ke ƙyalli a jikinsu, wani ma birkinsa tafin takalmi ne. Babu mai kare wannan. Fitilar gaba da jan madubin baya da birki mai kamawa ba su kai kuɗin jinyar karaya ba, kuma ya kamata masu gyaran keke da makarantu su riƙa nanata haka. Amma a tambaya me ya sa mutum zai zaɓi ya tunkari motoci gaba da gaba. Sau da yawa don wurin juyawa ya yi masa nisa ne, ko don ya fi yarda da haɗarin da yake gani da ido a kan wanda zai zo masa ta baya. Inda aka ba mutane hanya mai ma'ana, akasarinsu bin ta suke yi, sannan hukunta wanda ya kauce ya zama adalci. Kuma ganganci ba ɗaya ba ne: mai keke in ya yi, kansa ya fi cutarwa, direban tifa in ya yi, gidan wani ake zaman makoki.

Saura batun daraja, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba amma yana aiki a zuci. A idon mutane da yawa keke shaidar rashi ce, saurayi na jin nauyin zuwa zance a kansa, ma'aikacin ofis na gudun a ce ya karye. Wannan kallo ne ke sa direba ya ga kamar mai keke ba shi da haƙƙin titi, shi ne kuma ke sa mai zana hanya, wanda shi ma a mota yake zuwa ofis, ya manta da shi. Wa'azi ba zai sauya wannan ba, domin muddin hawa keke na nufin kasada da rai, wanda ba shi da zaɓi ne kawai zai hau, kallon kuma ya ƙara tabbata. In hanya ta yi aminci, mai zaɓi ma zai hau, daga nan kunyar ke raguwa. Yara ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Cikin lungunan ƙwaryar birni yaro na yawo da keke ba mai fargaba, amma uba ƙalilan ne zai bar ɗansa ya tsallaka titin Ƙofar Mata ko na Zariya zuwa makaranta a kai, sai ya gwammace ya biya kuɗin adaidaita safe da rana, wanda shi ma ƙarin cunkoso ne a daidai lokacin da titi ya fi cika.

Ba sai an game gari a tashi ɗaya ba, amma kada a yi guntun hanya mai tsawon mita ɗari biyu da za ta ƙare a bakin shataletale, inda haɗarin ya fi yawa. A zaɓi hanya ɗaya da ke kwaso ma'aikata da ɗalibai daga unguwa mai yawan jama'a zuwa kasuwannin tsakiya, a yi ta daga farko har ƙarshe, a ƙidaya masu binta kafin aiki da bayansa don a san abin da aka samu. A bakin Kwari da Sabon Gari da Kurmi, da sakatariyar Audu Bako da manyan asibitoci, a kafa ƙarafan ɗaure keke ƙarƙashin rumfa da mai gadi mai ba da tikiti, domin tsoron sata na hana mutane fitowa da keke kamar yadda tsoron mota ke hanawa. Duk sabon titi ko gada da za a bayar da kwangilarsa, a rubuta hannun keke da na masu tafiya a ƙafa cikin zanen tun a takarda, lokacin da ƙara mita biyu bai wuce gyaran layi ba. In aka bari sai an zuba kankare, sai an fasa kafin a gyara, kuma kuɗin fasawar ne ake kawowa hujja a ce ba za a iya ba.